Farantin Waken Nata'ala

Malam Nata'ala mai gyaran keken ɗinki ne a Kwamba. Shekara hamsin muna tare, kuma ban taɓa ganin ya rame kamar a watan da ake binciken auren autansa Muhsin ba.

Muna samari, ba a daɗe da sauya wa garin nan suna zuwa Suleja ba, wani malamin firamare a Garam, Malam Joshuwa, ya rubuta wasan kwaikwayo. Labarin yarinya ne da saurayinta ɗan masunta, wanda ruwa ya ci ranar da zai kawo lefe. Ita ma ba ta kai lokacin kaka ba ta rasu. A zamanin babu uban da zai bar 'yarsa ta hau dandali, don haka namiji ke ɗaura zani ya fito a mace. Nata'ala siriri ne, muryarsa ba ta gama buɗewa ba, sai aka ba shi yarinyar. Ni labule nake ja. Mun kai wasan har Gawu, mata na fita suna share ido da bakin mayafi.

Daga baya ya koyi sana'a, ya auri Bara'atu, ya tara gemu, ya zama ɗan sahun farko. Bai ƙara ɗaga zancen ba. Bara'atu ta sani, in ya ɓata mata rai takan ce ya zo ya koya mata ɗaurin ɗankwali. Yaransa kuwa ba su sani ba.

Bara Muhsin ya ga Ummulkhairi, 'yar wasu Kanawa masu haya a layinmu. Kawunta aka ɗora wa bincike, mutum ne mai bin gida gida yana tambayar asali da hali. Ana cikin haka sai ga wani Taufiq, mai aiki a Abuja, ya samo takardun wasan wurin 'yar Malam Joshuwa ya mai da shi fim. Ya ce zai haska a gidan kallo na Kwamba ranar Asabar bayan la'asar, kuma a ƙarshe zai sa tsohon hotonmu na 'yan wasa.

Nata'ala ya daina cin abincin kirki. Ya ce min mutanen yanzu ba su san yadda ake yi a da ba, suna ganin namiji da zani ɗan daudu za su ce, shi ke nan auren yaron ya rushe. Na ce hoton ya dushe, wa zai gane ka? Ya ce hancinsa bai dushe ba. Da Taufiq ya zo gayyata, ce masa ya yi shi benci kawai yake ɗauka a lokacin. Ya so ya ƙi zuwa, sai ya ga gara ya gani da idonsa da a zo a ba shi labari.

Muna zama, kawun Ummulkhairi ya shigo, ya gaishe mu, ya zauna daf da shi.

Fim ɗin ya yi kyau, ban hana ba. An nuna ruwan Gurara na gaske, mu kuwa shuɗin zani muke kaɗawa. Amma an cusa waƙa har uku, an sa wa ɗan masunta agogo. Nata'ala kuwa gumi kawai yake yi yana murza hula. Sai aka zo mutuwar yarinyar. A wasanmu ba ta kuka. Tana zaune tana tsintar wake a faranti, uwarta na mata magana daga ɗaki, sai hannun ya tsaya, farantin ya zame, waken ya watse. Uwar ta ci gaba da magana, ba ta sani ba. A fim an kwantar da ita a asibiti da ƙarin ruwa, tana ihu tana kiran sunansa.

Ban ankara ba na ji Nata'ala ya ce, a fili, “Ba haka ta mutu ba. Ina waken?”

Kawun ya juyo. “Malam, ka san wasan ne?”

Na taka masa ƙafa. Can a ƙarshe hoton ya fito, dishi-dishi, ni ma da ƙyar na gane kaina. Da ya yi gum, da ya wuce. Amma sai ya nuna da yatsa.

“Ta tsakiyar nan, Alhaji, ni ne. Gara ka ji a bakina.”

Kawun ya dubi hoton a bango, ya dubi gemun, ya ce to, ya sa takalmi ya fita.

Kwana tara babu labari. Nata'ala ya tara iyalinsa ya faɗa musu, Muhsin ya kwana biyu ba ya haɗa ido da shi. A shago ya kwance kan keke ɗaya sau uku bai gano ciwonsa ba. Duk Keke Napep da ya tsaya a ƙofa sai ya miƙe.

Rana ta goma Ummulkhairi ta aiko wa Bara'atu saƙon kawunta: a turo magabata ranar Juma'a. Ya ce mutumin da ya faɗi wannan da bakinsa ba shi da sauran abin bincike. Ya ƙara da cewa in tsohuwar amarya za ta zo, don Allah ta zo da babbar riga.