Tambayar da Ta Rufe Rumfar Iya

Ku gyara zama, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, don da idona na gani, da hannuna kuma na yi nawa a ciki.

A shekarun da ruwa ke ɗaukewa kafin gero ya fid da kai, ciwo kuma ya shiga shanu suna faɗuwa daga tsaye, akwai rumfar tuwo a bakin hanyar garinmu, hanyar da ke bi ta Ungogo ta shiga birni. Mai rumfar dattijuwa ce, kowa Iya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni ce mai tuƙa mata tuwo. Akwai wata bazawara mai ɗebo ruwa da wanke kwanuka. Mu uku ke nan. Miya kuwa, Iya ba ta barin kowa ya taɓa mata ludayi.

Masu jakuna su ne manyan masu cin abincinmu. Da sassafe su kai kara da itace birni, kafin azahar su dawo da mangala cike da taki, su ɗaure jakunan a gindin darbejiya su shigo. Iya sai ta sa su wanke hannu sau biyu, tana ce musu ba za a ci mata tuwo da sharar birni ba. Su kuma su ce ai sharar ce ke fid da dawar da take tuƙawa. Kullum sai an yi wannan. Akwai kuma wani tsoho mai saƙar zana, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Akushinsa a rumfar yake rataye. Ba shi da haƙora, don haka Iya ke yayyaga masa nama da yatsunta kafin ta miƙa masa.

Mu ma'aikata, ban da abin da Iya ke ba mu, ƙanzo namu ne. In an kwashe tuwo sai mu kankare gindin tukunya mu raba biyu, ni da bazawarar. Gonar maigidana ba ta ba da abin kirki ba shekara uku a jere. Da wannan ƙanzon, a jiƙa shi a zuba ɗan mai da yaji, 'ya'yana huɗu suke karyawa.

Mahauci ɗaya ne a garinmu lokacin, wajensa Iya ke sayen nama. Wata rana aka kawo mata, ta danna da babban yatsa, ta sansana, ta ɗauka da kanta ta mayar masa a gaban mutane. Ta ce saniyar nan ba lafiyayya ba ce, ba za ta ba bayin Allah ba. Daga ranar ta koma shiga motar farko tana zuwa kwatar birni, ta zaɓo namanta, ta dawo kafin rana ta yi zafi. Wata biyu ana haka.

Ranar da abin ya faru, rumfa ta cika har wasu a tsugune a waje. Sai ga mahaucin, wanda tun da nake bai taɓa cin tuwonmu ba. Ya yi sallama ya zauna. Iya ta ɗauka sulhu ya zo, ta zuba masa da kanta, ta sa masa tsoka biyu. Ya ɗaga ɗaya, ya juya ta, ya kai hanci.

Ya ce, "Iya, wa ya yanka wannan?"

Ta ce daga kwatar birni ta sayo.

"Na ji. Wanda ya sa wuƙa nake tambaya. Wane ne shi?"

Ku sani, a garinmu ko kaza aka yanka an san hannun da ya yanka ta, liman ne ko malam wane. A kwata kuwa dabbobi ba sa ƙirguwa, mai saye rataye yake tarar da nama. Da Iya ta ambaci kowane suna, da an wuce wurin. Amma Iya ba ta iya ƙarya ba.

Ta ce, "Ban san shi ba."

Ya mayar da tsokar cikin miya a hankali. Ya wanke hannunsa, ya ce Allah ya kiyaye mu, ya fita. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce mushe ba. Ina tsaye da muciya a hannu, na ji komai, bai ce ba. Amma kafin la'asar kalmar ta isa bakin rijiya.

Lokacin shanu na mutuwa a ruga, kowa ya san akwai marasa tsoron Allah da ke feɗe matacciya su kai kasuwa. Tsoron yana cikin kowa, jira yake a taɓa shi. Washegari masu jakuna suka ce a zuba musu miya ban da nama. Jibi suka ce gaya kawai za su ci. Ranar huɗu suka wuce ta gaban rumfar kawunansu a ƙasa, suna bugun jakunan da ba su yi musu komai ba. Wanda ya yi ciwon ciki bara ya tuna a rumfar Iya ya ci. Wasu har wajen malam suka je tambayar ko sallolinsu na nan.

Iya ta sayi akuya, ta roƙi liman ya zo ya yanka a gaban rumfar, kowa na gani. Ya zo ya yanka. Aka ce to, ga shi yanzu ta gyara, wato da can akwai abin gyarawa. Akuyar nan mu muka cinye ta, mu da tsoho mai zana, wanda bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Shi cewa ya yi duk wanda ya yayyaga masa nama shekara bakwai ba zai ba shi haram ba.

Kwana goma sha biyu muna ɗora tukunya muna saukewa cike. Ranar goma sha uku Iya ta sa ƙafa ta ture duwatsun murhu. Ta sauke akushin tsohon ta ba shi. Ta ba bazawarar kwanuka, ni ta ba ni babbar tukunya da muciya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mu yafe mata.

Yunwar da ta biyo baya ba zan tsaya a kanta ba. Mun ci tafasa, mun ci rama ba ƙuli, mun rayu. Bazawarar ta tafi aikatau birni. Tsohon ya koma jiƙa garin rogo a ɗakinsa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sunan Iya. Matar da ta ciyar da hanya guda, aka koma in ta je biki sai a shimfiɗa mata tabarma nesa da murhu a ce ta huta. Da azumi ta aika kwanon tuwo masallaci, aka dawo mata da shi ko murfin ba a ɗaga ba. Ina gidanta lokacin. Ta karɓa ta ajiye, ta ce ƙila abinci ne ya yi musu yawa. A shekarar da mutane ke lasar kwano.

Ranar na ƙudura a raina sai mahaucin nan ya wanke ta da bakinsa tun tana da rai. Ban san ta yaya ba. Ni mace ce ba kowa ba, shi kuma yana da wuƙa da teburi da masu gaishe shi.

Allah ya kawo sauƙi, damina ta gyaru. Mutanen birni suka fara sayen gonaki ta wajen Bacirawa suna gine-gine, bukukuwa suka yi girma, tuwon mutum ɗari ba kowace mace ke iya tuƙa shi ba gudaji. Ni na iya, ga tukunya, miyar Iya kuma na sace ta da ido tun muna rumfa. Aka fara aikowa a ɗauke ni girkin biki, daga wannan ƙauye zuwa wancan.

Bikin farko da aka kawo mini nama a daro, na tambayi inda aka sayo. Aka ce wajen mahaucin garinmu. Na goge hannuna, na ɗauki muciyata, na yafa mayafi na nufi ƙofa. Uwar biki ta biyo ni tana tambayar ko an ɓata mini rai ne. Na ce a'a, hannuna ne ba ya shiga wannan naman. Ta ce me ya same shi? Na ce ni ban ce wani abu ya same shi ba. Na tsaya a soro har aka aika birni aka sayo wani, sannan na koma na ɗora tukunya.

Haka na yi a biki na biyu da na uku. Ko ragon suna ne, in shi ya feɗe, ba na taɓawa. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, Allah shaida ne. Duk mai tambayata dalili, amsata ɗaya ce, ban ce komai ba. Mata suka ƙarasa sauran a bakin rijiya, yadda suka ƙarasa na Iya. Suka ce mai girki ta san nama, in ta ƙi, akwai abin da ta gani. Wani mahauci ya zo ya kafa teburi a kasuwa. Naman tsohon mahaucinmu ya koma rataye har ƙuda ya gaji da shi, ya mai da shi tsire, tsiren ma ya bushe a kan wuta.

Maigidana ya yi mini faɗa ba sau ɗaya ba. Ya ce sakayya ta Allah ce, in bari. Na ce masa, Malam, faɗa mini kalmar da na furta in janye ta. Matar mahaucin ma ta zo, tare muka yi 'yan matanci da ita. Ta zauna ta yi kuka, ta ce 'ya'yansu me suka yi? Na dama mata fura ta sha. Na ji tausayinta, amma na tuna nawa 'ya'yan da rama ba ƙuli, na raka ta ƙofa.

Shekara shida sannan mahaucin ya zo da kansa. Da hantsi ne, maigidana ya zaunar da shi a soro, ni ina tsaye daga bayan ƙofa. Ya rame. Ya ce shi fa bai taɓa cewa Iya ta dafa mushe ba, kowa shaida ne.

"Tambaya kawai na yi," in ji shi.

Na ce, "Ni ko tambayar ban yi ba."

Can ya ce me nake so? Na ce a kwatar birni ya koyi fawa, ya san akwai malamai masu yanka a can, ya san naman halal ne tun ranar da ya ɗaga shi ya sansana. Ya je ranar kasuwa, inda rumfar take a da, ya faɗi haka. Sannan ya ci abinci daga hannun Iya kowa na kallo.

Sai da ya gwada hanyar sauƙi. Ya tara dattawa uku a ƙofar masallaci ya faɗa musu a hankali, aka aiko mini cewa an yi. Na ce a gaban cikakkiyar rumfa aka ɓata ta, dattawa uku ba su isa ba. Wata guda ya ƙara yana juyi.

Ranar kasuwar, ni na shiga motar farko na sayo nama a kwata. Na kafa murhu a gindin darbejiyar, na tuƙa tuwo. Iya gwiwoyi sun riga sun kama ta, a zaune kan kujera ta kaɗa miyarta, hannunta bai manta gishiri ba. Mutane suka taru. Ya tsaya ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikin tsofaffin masu jakuna ya ce masa ya ɗaga murya, ai ranar da ya yi tambaya har na waje sun ji. Ya ɗaga. Ya ce naman Iya halal ne, ya sani tun ranar, haushin naman da ta mayar masa ne ya sa shi. Iya ta zuba masa, ya tsuguna ya ci. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Masu jakunan suka matso da kwanukansu ba wanda ya iya kallon idonta, ta sa su wanke hannu, ta zuba musu.

Da aka watse ya tare ni ina kankare tukunya. Ya ce to, yanzu ai magana ta ƙare, gobe akwai biki a unguwar gabas.

Na ce, "Iya ce ta yafe maka. Ni ban ce zan dafa namanka ba."

Ban kuma dafa ba, har na daina girki.

Iya ta ƙara damina biyu. Rumfa ba ta sake buɗewa ba, don an sayar da filin an zagaye shi da bulo, amma mata sun koma kiranta ta ɗanɗana musu miya a gidan biki, ta mutu ana ce mata Iya mai tuwo. Tsoho mai zana bai ga ranar ba, tun shekarar farko aka tarar da shi a ɗakinsa da saƙa rabi. Bazawarar ba ta dawo ba, na ji ta yi aure wajen Rijiyar Zaki. Masu jakuna sun ƙare, yanzu motoci ke kawo taki. Mahaucin ya bar fawa, ya sayar da gonarsa, ya koma gadi a wani wurin buga bulo. Da ya rasu aka aiko gida-gida ana neman a yafe masa, matan gidanmu suka amsa, ni na yi shiru. Jikokina suna ce mini in sauke abin nan daga raina, tsufa ya zo. Na ji su. Ni dai ga ni nan, kafaɗar dama ba ta ɗaguwa, tuwon gidan ma surukata ke tuƙawa.