Zaren Ƙasa a Keken Malam Abdulmuminu

A Fagge, zamanin da gyaɗa ke cika tashar jirgin ƙasa, an yi wani tela, Malam Abdulmuminu, mai tsinin baki da keken ɗinki ɗaya tal. Maƙwabtansa teloli, Wali da Kyari, nasu kullum a lalace, sai aro, ko da yana tsakiyar aiki. Ba ya hanawa, amma da doka: zaren da ka tarar, shi za ka mayar kafin ka tashi. Har cika baki yake da dokar nan.

Ran nan Magret, malamar makaranta 'yar Zariya da ke Sabon Gari, ta kawo farin yadi a ɗinka mata rigar aure. Ta ce in ta yi kyau, kayan mawaƙan cocinsu duk shi zai ɗinka. Malam ya ƙwallafa rai, don ya gaji da jin sunan Ambrose, telan da ya kankane Sabon Gari.

Yana cikin ɗinki aka kira azahar, ya fita. Wali ya haye keken, ya canza zaren sama kaɗai, ya sa baƙi. Bai gama ba sai ga Kyari a guje, wai ya ɗan ɗaga masa. Shi kuwa gogan naka Kyari ya sa ja sama da ƙasa, ya yi ɗinkinsa, ya mayar da baƙin Wali a sama, ya manta da na ƙasa. Wali ya ƙarasa, ya mayar da farin da ya cire, ya tafi abinsa da zuciya wasai.

Malam ya dawo, ya ga fari a sama, ya hau taka keke yana zuba surutu. Ko juya yadin bai yi ba, kai jama'a!

Da Magret ta zo karɓa, ta juya cikin rigar. Jan zare ne jawur tun daga wuya har ƙasa. Duk da haka bakin Malam bai mutu ba.

"Malama, ai wannan sabon yayin Ikko ne."

"Ikon Allah, Baba," in ji ta. "Ni da na dawo daga Ikko watan jiya?"

Ta miƙa masa reza, ta ja kujera ta zauna. Yana farke ɗinkin yana gumi, sai ta leƙa waje ta tambayi masu wucewa hanya mafi kusa zuwa shagon Ambrose.