Hular 'Yancin Malam Bashari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Bashari Gumel a wani asibiti da ke Shumaisi, nan Riyad, bayan jinyar kwana uku. Shekarunsa sittin da ɗaya, sha tara daga ciki a ƙasar nan ya yi su.

Malam, yau Juma'a ta biyu ke nan da muka zauna shan shayi a Murabba ba ka. Kowa ya sha ya tashi. Babu wanda ya ambaci Rumawa.

Wanda bai san ka ba zai ce direban gida ne kawai a Badi'a, mai kai yara makaranta ya ɗauko su. Mu mun san malamin tarihi ne da ya ajiye alli ya kama sitiyari. Kai ka jera mana mutanen tsohuwar Rum hawa-hawa: 'ya'yan manyan gidaje a sama, sai talakawa, sai 'yantattu, can ƙasa kuma bayi, waɗanda wasu iyayengiji ke lissafawa cikin kayan gona, bambancinsu da garma kawai suna magana. Kakan yi dariya ka ce a Rum bawa mai ilimi ake ba aikin raka yara makaranta, saboda haka aikinka ya girmi mota.

Amma ranar da Basiru, ɗaya daga cikin abokan shan shayinmu, ya dawo daga wurin gini a fusace ya ce, “Wallahi Malam, ga iƙama, takardar zama, ga kafili, ubangidan da sai da izininsa za ka motsa, ai mu ma bayin ne,” ba ka yi dariya ba. Ka ce, “A'a Basiru, kada ka cinye wa mutanen nan wahalarsu. Kai da ƙafarka ka zo. Aurenka aure ne, 'ya'yanka naka ne. Bawan Rum ko ɗan da ya haifa na ubangidansa ne.” Washegari kuma kai ka raka shi wurin kafilinsa, ka yi masa tafinta har matsalarsa ta warware. Haka kake: ka gyara wa mutum magana, sannan ka ɗauki kayansa a ka.

Sai maganar hula. Ka gaya mana idan Rumawa suka 'yanta bawa, aske masa kai ake yi ƙwal, a sa masa wata hula, duk wanda ya gan shi a hanya ya san yau ya mallaki kansa. Kai ma kana da taka a ƙasan akwati, wadda Hajiya Turai, mai ɗakinka, ta ɗinka da hannunta. Ko ranar Salla ba ka sa ta. Na sha tsokanarka cewa asu zai riga ka. Kai kuma ka ce, “Sadiƙ, ranar da huruj ɗina ya fito, wato izinin barin ƙasar nan na tafiya ba dawowa, kai za ka yi mini aski, kai za ka sa mini ita.”

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni sakat, don iyalinka su ji daga bakina. Bara ka gama shiri. Muhibba, autarka, ta kammala karatu, kafilinka ya ce duk ranar da ka so ka tafi, har ka fara raba kayan ɗakinka. Ni na tare ka. Na ce, “Malam, ka ƙara shekara ɗaya mu tafi tare.” Ba don kai na faɗa ba, don kaina ne, ban san yadda zan zauna a garin nan ba kai ba. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, “To, shekara ɗaya.” Ka mayar da hular cikin akwati. Na san ajali ba ya hannuna, amma da a Gumel ya same ka, da Hajiya ce a kanka, ba ni ba.

Mun yi maka sutura, mun binne ka a nan. Likafani ba ya karɓar hula, Malam. Tana wurina, har yanzu da takardar da aka cusa a cikinta don kada ta lotse. Na nemi huruj ɗina. Zan kai ta Gumel da hannuna, kuma ba za ta taɓa kaina ba.

Hajiya Turai, Muhibba da sauran 'ya'ya, da dukan dangi, ina yi muku ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Shekarar da na karɓe muku kuwa, ku yafe mini.

Ya Allah, bauta ɗaya kawai Bashari ya yarda da ita, taKa. Ga bawanKa nan ya iso. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka 'yanta shi daga wuta, Ka sa masa abin da ya fi hular nan da hannuna bai samu sa masa ba. Amin.

Sadiƙ Abdu Ringim
Riyad