Azumi Talatin da Biyar na Yaya Isa

Tashi

Bayan sallar asuba na fito daga Limancin Kona, mako biyu da sadakar arba'in ɗin yayana, Malam Isa. Malamin asibiti ne. Tun da ya yi ritaya fanshonsa bai kai yadda ya zata ba, ya kuma rantse cewa maƙwabcinmu Malam Haruna, akawun da ya cike masa takardu, shi ya rage masa shekara. Shekara shida ba su gaisa ba. Ranar jana'iza Haruna a sahun baya ya tsaya. Na kasa barci, ban san wanda ke ɗauke da haƙƙin wani ba, mai rai ko mamaci. Shi ya sa na zuba takardunsa a leda, na nufi ofishin fansho a Kaduna.

Hanya

A Ƙofar Doka na samu fijo, mu huɗu a baya. Bayan Jaji aka tsayar da mu a shinge.

"Baba, me ka rungume haka?" in ji ɗan sandan.

"Takardun mamaci."

Ya ɗaga hannu muka wuce. Direba ya ce, "Malam, don Allah gobe ma ka biyo ni da ledar nan." Aka yi dariya. Ni ban iya ba.

Kaduna

A ofishin fansho na wuni kan benci tare da tsofaffi, kowa ya san abin da ake ba shi, ba wanda ya san yadda aka lissafa. Aka ce in dawo gobe. Na kwana a Tudun Wada gidan surukina, tuwon ma ban taɓa ba.

Da safe wata Hajiya mai tabarau ta saurare ni.

"Shekara nawa ya ce ya yi?"

"Talatin da biyar, Hajiya. Azumi talatin da biyar ya yi a bakin aiki, ya ƙirga su sannan ya ajiye aikin da kansa."

Ta aje biro. "Gwamnati ba ta ƙirga da azumi, Malam. Shekarar Musulunci ba ta kai ta bature ba, kwana goma sha ɗaya ne tsakaninsu. In ka tara gibin, shekara guda ta rage masa ya cika."

"Akawun fa?"

"Daidai ya rubuta."

Na roƙi ruwa na sha. Da a ce wani ya zauna da Yaya Isa minti biyar kamar haka!

Komawa

Da la'asar na shigo birni. Ban nufi gida ba, na yi sallama a zauren Haruna, na faɗa masa komai a tsaye. 

"Audu, shekara shida ina jiran ya tambaye ni," in ji shi. "Na yafe masa. Ranar jana'izar ban ƙarasa bakin kabarin ba. Ka san wurin?"

Na ce na sani. Ya ɗauki hularsa.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Hajiyar da ban tambayi sunanta ba.