Ranar da Baba Ɗanlami Ya Je Gaida Kogi

Duk wanda ya yi zaman Xiaobei, unguwar 'yan kasuwarmu a birnin Guangzhou, a shekarun nan ya san Baba Ɗanlami, kuma ya san ba ya yarda da abu sai ya ƙwanƙwasa shi. Zai lanƙwashe yatsansa na tsakiya, ya ɗan buga, sannan ya karkata kunne kamar mai sauraron waya daga nesa. Injin ban-ruwa, wanda shi ne sana'arsa, sai ya sha ƙwanƙwasa. Kujerar gidan abinci ma haka, har da ƙofar lif ta masaukinsa da ke titin Huanshi Lu. In sautin bai yi masa ba, sai ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba ya ganin damina biyu." Wani mai shago a unguwar Liwan ya taɓa roƙona in tambaye shi abin da yake ji a cikin ƙarfe. Baba ya ce in gaya masa ƙaryar da aka zuba a ciki yake saurare. Na gaya wa mutumin cewa Baba yana nazarin kaurin ƙarfen ne, aka rabu ana dariya.

A lokacin na gama karatu a jami'a, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafintar Sinanci kafin in san inda zan dosa. Baba ne ya sa mini suna Malam Wataƙila, don wai bai taɓa tambayata abu na ba shi amsa a tsaye ba. Ina jin akwai ƙari a maganar, amma ba zan musa duka ba.

Mutumin Kabi ne, daga wani ƙauye na masunta a gefen Argungu, ko da yake a Kano ya yi arzikinsa. A zuwansa na ƙarshe likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ba za ta ci gaba da ɗaukar doguwar tafiya ba, 'ya'yansa kuma sun ce su za su karɓi harkar. Ya san ba zai sake ganin Guangzhou ba. Saura 'yan kwanaki ya tashi, sai ya kira ni ya ce yana so a kai shi bakin kogi, can inda yake shiga teku. Na ce ai ga kogi nan ya ratsa gari, kullum muna haye gadarsa. Ya ce wancan kogin an sa masa riga da wando ne, shi na gaske yake so ya gani. Shekara da shekaru ruwan nan yana ɗauke masa kwantena, bai taɓa zuwa ya tsaya a gabansa ba, kuma ba zai koma gida da wannan rashin kunya ba.

Sai na samo mana wata tafiyar yawon buɗe ido ta yini ɗaya, wadda ake ɗaukar mutane a bas a wuce Panyu, a gangara kudu inda kogin yake rarrabuwa rassa rassa tsakanin gonakin ayaba da na rake. Daga nan a shiga jirgin ruwa a kewaya har bakin teku. Na tambayi masu shiryawa game da abinci, da wurin salla, da rigar hana nutsewa, har suka fara jinkirin ɗaga wayata. Alhaji Lawal, Bakatsinen nan mai harkar yadi, ya ce shi ma zai bi mu, don wai ba zai bari Bakabe ya ga ruwa ba tare da wani mai hankali a kusa ba. Kun san wasan da ke tsakaninsu, tun a jirgi suke yinsa in sun haɗu.

Jagorar tafiyar wata budurwa ce mai suna Lin, tana riƙe da 'yar tuta da ƙaramar lasifika. Tun a bas ta raba wa kowa jar hular hana-salla, don ta riƙa gane mutanenta a cikin taro. Baba ya karɓi tasa ya juya ta, ya ce shi tun da ya yi aure bai taɓa fita da kai ba zanna ba, kuma ba yarinya ce za ta tuɓe masa ita ba. Lin ta ce dole ne. Na ce masa wataƙila za a iya samun mafita. Sai kawai ya ɗora jar a kan zannar, ya zauna abinsa da hula hawa biyu.

"Bakabe ya gina bene," in ji Alhaji Lawal.

"Kai da ba ka da abin ajiyewa a ƙasa, mi za ka yi da bene?" Baba ya ba shi amsa ba tare da ya juyo ba.

Wurin da aka fara tsayawa wani tafki ne na kiwon kifi. Ana ba baƙi 'yan ƙananan komaye su kamo kifi, a ɗauki hoto, sannan a mayar da shi ruwa. Baba ya tsaya yana kallon wani mutum da ya kamo ƙatuwar karfasa, ya yi murmushi aka ɗauke shi hoto, ya sake ta. Ya tambaye ni ko kifin ba shi da lafiya ne. Na ce a'a, tsarin wurin ne haka. Sai ya ce in tambayi Lin ko gaisuwa kawai ake zuwa yi wa kifin. Lin ta yi dariya ta miƙa masa koma. Ya ƙi karɓa. Ya ce a gidansu in ka kama kifi ka saki, ubanka zai tambaye ka wa ya aike ka ka tsorata shi.

Da la'asar ta gabato muka isa mashigar jirgi. Lin ta yi ta nanata cewa wannan shi ne jirgi na ƙarshe a yinin, don ruwa ya fara janyewa zuwa teku, in ya yi ƙasa babban jirgi ba ya iya bin ƙananan rassan. Kowa ya sa rigarsa ta hana nutsewa mai ruwan lemo, aka fara shiga. Baba ya matsa ya ƙwanƙwasa gefen jirgin, ya ce wannan ai bahon roba ne, amma ba komai, zai shiga. Na yi ajiyar zuciya. Ashe da saura.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin goro a ɗanyen tsumma, ya ce in kai shi wurin Sarkin Ruwa.

Na ɗauka wasa yake yi. Ya ce a Kabi baƙo ba ya shiga ruwan wasu sai ya je ya gaida mai ruwan ya nemi izini, kuma mahaifinsa bai taɓa karya wannan ba ko a ƙaramar fadama, balle shi a kogin da ya fi nasu girma. Na juya na yi wa Lin bayani iya ƙoƙarina. Ta ce, "Meyo," wato babu, kalmar da duk ɗan kasuwarmu ya sani. Da ta ga bai motsa ba, sai ta ce akwai manaja a ofishin tikiti, ta ruga ta kirawo shi. Ya zo da farar riga da takalmi mai sheƙi. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce in tambaye shi ko ya iya iyo. Manajan ya ce bai iya ba. Baba ya mayar da goronsa aljihu.

Na roƙe shi. Na ce wataƙila a ƙasar nan ba a san wannan sarauta ba, wataƙila tikitin ma shi ne izinin. Ya ce, "Malam Wataƙila, babu ruwan da ba shi da mai shi." Ya juya ya bi bakin gaɓa yana tafiyarsa a hankali, ni da Lin muna biye, Alhaji Lawal kuma yana cikin jirgi yana kiran a zo a ga Bakabe yana tsoron ruwa.

Ba nisa muka tarar da wata tsohuwa a cikin ƙaramin jirgin katako mai rumfa, da faffaɗar malafa a kanta, tana ware ƙaguwa a kwando. Lin ta ce irin mutanen nan ne da aka haifa a kan ruwa, yanzu sun yi ƙaranci. Baba ya daɗe yana kallon hannuwanta da ƙafafunta. Ya ce a wurinsu namiji ke riƙe sarautar, amma kowace ƙasa da tsarinta. Ya tuɓe takalmi, ya cire jar hular ya miƙo mini, ya durƙusa a kan laka da babbar rigarsa.

Tsohuwar ba ta jin Sinancin da na koya a makaranta, harshen kudu take yi. Don haka Baba ya faɗa da Hausa, in mayar wa Lin, ita kuma ta mayar wa tsohuwa, amsa ta biyo wannan hanyar ta dawo. Kun kuma san gaisuwar Baba. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi kamun bana. Jirgi ya yi ƙaho. Lin ta fara tattaka ƙafa, ta ce mu taho. Na ce, "Baba, jirgin zai tashi." Ya ce bai kai ga abin da ya kawo shi ba, ba a yanke gaisuwa a tsakiya. Ya miƙa wa tsohuwa farin goro da hannu biyu, ya ce shi baƙo ne, ɗan masunta, ya zo neman izinin shiga ruwanta.

Ta gatsa goron, fuskarta ta tattare wuri guda, ta tofar, ta fashe da dariya har malafarta ta karkace. Ta ce ruwa ba nata ba ne, amma tunda ya tambaya, ya shiga. Lin ta fassara wannan tana gudu, don sauran baƙinta suna cikin jirgi. Ta yi tsalle ta shiga, aka janye gadar shiga jirgin. Kafin Baba ya miƙe ya sa takalmi, jirgi ya yi nisa, muna hango Alhaji Lawal yana ɗaga mana jar hula.

Baba ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana a bayan itatuwa. Na san abin da ke ransa: ya samu izini, ya rasa jirgi, kuma babu wata rana bayan wannan. Ina cikin tunanin yadda zan lallashe shi sai na ji tsohuwar tana buga gefen jirginta da tafin hannu. Ta ture kwandon ƙaguwa gefe, ta nuna mana wurin zama.

Gaskiya ban tabbata doka ta yarda ta ɗauki baƙi ba, na kuma faɗa wa Baba haka. Ya riga ya shiga. Na ƙara ɗaure rigar hana nutsewa, na yi bisimilla na bi shi.

Ta tada ɗan injinta muka bi wani siririn reshe, ayaba ta sunkuyo ta dama da hagu, ganyen bado ya rufe gefen ruwa, balbelu suna tashi a gabanmu. Ba Lin, ba mai fassara, amma su biyun ba su yi shiru ba. Shi yana Kabanci, ita tana nata harshen, yana nuna tarunta tana gyaɗa kai, tana nuna sama yana cewa ƙwarai kuwa. Da ta kashe inji, sai ya ce a ba shi tuƙi. Su a can dogon filafili guda ne a bayan jirgi, ana murza shi a tsaye, ba irin namu ba. Baba ya kama ya murza, jirgi ya juya ya kalli inda muka fito. Ya sake murzawa, muka ƙara zagayawa. Ya ce kogin ne yake gwada shi. Tsohuwa ta ɗan mari bayan hannunsa, ta gyara masa riƙo, kuma ina shaida, mutumin da babu mai gaya masa yadda ake abu a duk Xiaobei ya ce mata, "To, Inna." Can sai jirgi ya miƙe.

Itatuwa suka buɗe, ruwa ya yi faɗi har ba ka ganin ɗaya gaɓar. Can nesa manyan jirage suna tafe a jere da kwantenoni a bayansu. Baba ya saki filafili ya zauna. Ya ɗebi ruwan a tafinsa ya ɗanɗana, ya ce ya fara gishiri, ashe nan ne kogin yake sauke kayansa. Ya ce da mahaifinsa ya ga wannan wuri da bai yarda kogi ba ne. Sannan ya sunkuya, ya shafa ruwan kamar mai shafa kan doki, ya ce a hankali, "Sannu da aiki. Na yi latti, amma na zo."

Muka dawo muka tarar da bas tana jiranmu, Lin ta kusa kuka. Alhaji Lawal ya buɗe baki zai fara tsokana, ya kalli fuskar Baba da lakar da ke gwiwarsa, sai ya matsa ya ba shi wurin taga.

Bai cika shekara da komawa gida ba aka bugo mana cewa ya rasu, a ƙauyensu, a tsakiyar 'ya'yansa. Allah Ya jiƙan Baba Ɗanlami, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Tsohuwar nan kuma, da ban ko tambayi sunanta ba, in tana raye Allah Ya ba ta lafiya. Amin.