Kanumfarin da Ba a Tacewa: Jinjina ga Malam Bappayo Mai Shayi

Kafin masu acaɓa su fara tayar wa Azare da hankali, Malam Bappayo ya riga ya hura gawayi a rumfarsa ta bakin tasha. Yana dawowa daga sallar asuba zai baje kayansa a faifai: citta, kanumfari, masoro, kimba, ɓawon girfa. Ko ɗaya ba a daka ba. Tun da na san shi, turmi bai taɓa shiga rumfar nan ba.

Ni dai harshena sukari kawai ya sani. Matata Murja takan ce ko ruwan wanke kofi aka cika wa sukari, zan sha in ce madalla. Amma ko ni na lura cewa a hannun mutumin nan kowane ganye da abokin zamansa. Baƙin ganyen Mambila mai ƙarfi shi ake haɗa wa masoro da cittar da aka ɗan buge da gindin wuƙa, a bi da madara. Koren ganye ba ya son hayaniya, daga na'a-na'a sai kanumfari, madara ko kusa. Kimba kuwa baƙuwa ce, ta leƙa tukunya a tsame ta, in ta zauna sai ɗaci.

Da garin kayan shayi na leda ya cika kasuwa, direbobi suka dame shi. "Malam, zamani ya zo, ka hutar da mu jira mana!"

"Gari ihu ɗaya yake yi ya yi shiru," in ji shi. "Guda kuwa hira yake yi da ruwa. Mai sauri, ga famfo can."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru a 2006, da surukina Alhaji Sha'aban ya rasu. Matarsa Hajiya Kellu ta shiga takaba, ta kuma rufe baki. Ba kuka, ba ci. Kunu, fura, romon kaza, kome aka kai sai ta ce a ajiye, ta juya ta fuskanci bango. Likita ya ce in aka ci gaba haka, sai an kwantar da ita a asibiti. Ni kuwa suruki, kunya ta hana ni wuce zaure. Gudunmawata ita ce zama a kan tabarma ina gyaran murya.

Wata safiya na zauna a rumfar Malam Bappayo har shayi ya huce a gabana.

"Malam Gali, yau sukarin ne bai ji ba?"

Na faɗa masa halin da ake ciki. Ya ture tukunyar direbobi gefe, suna ta ƙorafi, ya ɗora ƙaramar buta.

"Alhaji, Allah ya jiƙansa, baƙi yake sha da citta," in ji shi. "Amma kullum in zai tashi sai ya miƙo filas ya ce a yi kore, kuma kada a tace kanumfarin. Mutumin da ko warin kanumfari ba ya so! Ban taɓa tambayar na wa ne ba. Ai ba a tambaya."

Ya cika filas ya miƙo mini. "A zuba mata har ƙasa. Kada a tace."

Na hau acaɓa na rungume shi kamar jariri ranar suna. Murja ta shiga da shi, na koma tabarmata. Ita ta ba ni labarin sauran. Tana buɗe murfin, Hajiya ta juyo daga bango. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta sha a hankali har kanumfari ya bayyana a ƙasa. Ta sa yatsa ta tsamo shi, ta jefa a baki ta tauna, kamar yadda ta saba kowace safiya a gaban mijinta. Sai ga hawayen da aka yi ta jira. Kukan har zaure na ji shi. Da ya lafa ta ce, "Murja, akwai sauran kunun nan?"

Kai ne, Malam Bappayo, wanda bai taɓa ganin fuskar matar nan ba, amma ya san abin da take nema a ƙasan kofi. Mu da muke gidan mun duba ko'ina ban da nan. Kai ne mai ajiye sirrin mutane ba tare da ka tambaye su ba. Har ta fita takaba filas bai taɓa yankewa ba.

A watan nan da muke ciki gwiwoyin Malam Bappayo sun ce ya isa, zai koma Udubo wajen shanunsa. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Masu sana'a kuma, ku lura da waɗanda ke zama a gabanku kamar yadda ya lura.

Kafin ya kwashe faifansa ya kira ni, ya ba ni ƙullin koren ganye da kanumfari a kai wa Murja, ya nuna mini lokacin da ake sauke buta. Jiya ta gwada. Hajiya ta sha, ta tauna kanumfarinta, ta ce, "Ya yi kusa." Sannan ta miƙo kofin a ƙara mata.