Akwatin Maganin Rabi

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar matata Rabi, har yau kuma akwatinta na katako yana kan tagar ɗakina a Gyaɗi-Gyaɗi.

Ma'aikaciyar jinya ce. A shekarar da soja suka koma bariki kowa zancensa gwamnatin farar hula, ita kuwa hankalinta na kan kawuna, Baba Ilu na Darmanawa, mai hawan jini. An rubuta masa magani sau uku a rana. Da azumi ya kama, tsohon nan ya ƙi ajiye azumi, ya kuma ƙi barin magani, sai ya haɗa ukun ya kora da kunun buɗa baki. Ranga-ranga aka kwaso shi. Allah dai ya yi da sauran kwana.

Na yi ta faɗa, na ce ganganci ne. Rabi ta ce, "Malam, ba wauta ya yi ba. Shi ya yi tunanin azumi, mu ne ba mu yi ba."

Ta samu wani kafinta a Tarauni ya yi mata akwati mai gida uku, kowane gida da zanen rana: fitowa, tsaka, faɗuwa. Baba Ilu ya juye maganin duka a aljihu, wai ya fi sauƙin tafiya masallaci. Ta koma aka sa murfi mai zamewa, wanda ba ya buɗe gida biyu lokaci ɗaya. Ya sa wuƙa ya ɓalle shi, ya ce shi ba yaro ba ne. Sau biyar ana ƙera akwatin nan, ni kuwa ina mata tsiya, ina kiranta injiniya ba takarda. Daga baya ta daina zuwa wurin kafinta. Kullum in ta taso aiki sai ta biya Darmanawa, ta leƙa ɗakinsa ta ce, "Baba, an sha?"

Yanzu ni ne mai hawan jinin, ni kaɗai kuma a gidan. Likita ya gargaɗe ni cewa in na ci gaba da wasa da magani, shanyewar jiki ba ta da nisa. 'Yarmu da ke aure a Kaduna ta saita mini ƙararrawa a waya. Da a ce Rabi ta ga wayar nan, na san abin da za ta tambaya: wanda ya kashe ƙarar ya manta fa? Wallahi ina kewarta, har da wannan bin diddigin nata da ke ba ni haushi.

Akwatin na biyar nake amfani da shi. Ranar Laraba bayan magariba na iske gidajen nan uku cike. Na zube su a tafin hannu, na tsaya ina irin tunanin Baba Ilu. Katako ya nuna mini kuskurena, iyakar abin da zai iya ke nan.

Na mayar da biyu, na haɗiye ɗaya. Sannan na ce, "An sha," ko da yake ba wanda ya tambaya.